Tayar Baya ta Dama

Mota ba ta shiga lungun su Ɗantani a Zaitawa. Waɗanda suka yanka lungun da jaki da mangalarsa suka auna, kuma ba su bar ko taƙi ɗaya na alfarma ba. Amarya ma a bakin titi ake sauke ta, ta ƙarasa da ƙafa ana rangaɗa guɗa. Don haka duk wanda Allah ya hore wa mota a lungun, wuri ɗaya yake kwanar da ita: ɗan filin da ke ƙofar gidan Alhaji Abdulmalik, daidai inda lungun ya haɗu da kwalta. Ba haya ake biya ba, ba kuma izini ake nema ba. Haka aka taso aka tarar tun zamanin mahaifinsa, mai gidan bakin lungu shi ke sa wa motocin maƙwabta ido.

Ɗantani ba shi da mota. Babur gare shi, tsoho amma mai biyayya, wanda yake turawa har cikin soro. Sana'arsa hula. Yana da rumfa a kasuwar Kurmi, da safe kuma kafin ya fita yakan wanke hulunan mutane a tsakar gida da buroshi da kumfar sabulu, ya jera su a rana. Matarsa Jamila, uwar 'yarsu Ikram, ita ce mai motar. Ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibiti can bayan ganuwa. Yayanta da ke Fatakwal ya ga wahalar da take sha wajen neman adaidaita, ya aiko mata da 'yar mota ruwan toka mai fararen rim, wato ƙarafan taya, masu ƙyalli, irin waɗanda ake kira aloi. Ranar da motar ta iso Ɗantani ya sa albarka, har goro ya raba a majalisa. Amma a majalisar nan dai ya sha faɗa, yana kaɗa ƙafa, cewa shi ba ya hawa motar mace.

Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne inda motar za ta riƙa kwana. Shi da Abdulmalik tare suka yi makarantar allo, tare suka buga ƙwallon tsumma, kuma tare suka yi zarya Dukawuya gidan su Jamila, kowa da ranarsa, kafin ita ta buɗe baki ta ce Ɗantani take so. Zancen ya tsufa. Abdulmalik ya yi aurensa, ya tara 'ya'ya, ya ajiye tumbi, ya zama babban mai atamfa a Kantin Kwari, in an tuna masa ma dariya yake yi ya ce ƙuruciya ce. Kowa ya manta. Ɗantani kaɗai ke riƙe da zancen, shi da ya yi nasara, kamar wanda ya tsinci abu a hanya yana jiran ranar da mai shi zai zo nema.

Akwai abin da ya kamata a faɗa tun yanzu, don Ɗantani da bakinsa ba zai faɗa ba. Wata Asabar Jamila ta tafi suna Dukawuya tare da matan lungu, ta bar makullin motar a kan firij. Ɗantani ya wuce makullin ya dawo, ya sake wucewa ya dawo, daga ƙarshe ya zura shi a aljihu. Ya taɓa koyon tuƙi da a-kori-kurar wani abokinsa tun yana saurayi, kuma a ganinsa abin da hannu ya iya ba ya mantawa. Abdulmalik yana kasuwa, filin ba kowa. Ya shiga, ya ja kujera baya, ya gyara madubi, ya fito da gwiwar hannu ta taga kamar wani ɗan kwangila. Daɗin da ya ji ba ya faɗuwa. Yana cikin jin daɗin ne, a wata kwana a Kabara, wani mai adaidaita ya taho masa a guje, shi kuwa Ɗantani ya karya kan motar dama fiye da kima. Sai ji ya yi ƙwam! Tayar baya ta dama ta faɗa buɗaɗɗiyar kwata, rim ya daki bakin siminti.

Mutanen unguwa suka taru suka ɗaga motar, ana ta yi masa sannu. Ya tsuguna ya duba, gumi na zuba. Taya tana nan tsaye da iskarta, sai 'yar goga a fuskar rim da baƙin taɓon kwata. Ya sayi ruwan leda, ya wanke wurin da ido ke gani, ya goge da tsumma, ya lallaɓa ya mayar da motar mazauninta da makulli kan firij. Taya ba ta kwanta ranar ba, ba ta kwanta washegari ba. Ya sa a ransa magana ta wuce, kuma da yake mutum ne mai saurin yafe wa kansa, ba a daɗe ba ya manta.

Wata safiya Jamila ta fita cikin fararen kayan aikinta, ba a jima ba sai ga ta ta dawo.

"Baban Ikram, tayar baya ta kwanta fa."

Hannunsa cikin kumfa yake da hular wani alhaji mai ƙorafi. Ya ce, "Bari in ɗauraye wannan." Ya ɗauraye ta, ya ɗauraye ta kusa da ita ma, don bai ga abin gaggawa ba. Ko da ya fito bakin lungu sai ya tarar da Abdulmalik tsugune a gindin motar, jallabiyarsa na sharar ƙasa. Ya jona wani ɗan inji mai girman rediyo a motarsa, injin na gurnani, taya na tashi a hankali. Jamila na tsaye gefe riƙe da jaka.

Abdulmalik ya ɗago yana murmushi. "A'a, Ɗantani, ka fito? Ai an gama. Ka ga ɗan abin nan? Daga Dubai na zo da shi, wallahi ya fi wani ƙaton amfani. Sista, bismilla, kada marasa lafiya su yi ta jira."

Jamila ta ɗan rusuna. "Na gode, Alhaji, Allah ya saka da alheri. A gaida su Hajiya."

Ɗantani ma ya yi godiya, ta baki. Ya tsaya da kumfa tana bushewa a hannunsa har motar ta sha kwana. Kalmar nan "Sista" ita ta fi tsaya masa. Duk lungun haka suke kiranta, har tsofaffi, amma a bakin Abdulmalik sai ya ji kamar an sa mata zuma.

Bayan 'yan kwanaki taya ta sake kwanciya. Ta kuma sakewa. Da farko takan ɗauki kwanaki kafin ta yi laushi, daga baya sai ta koma kusan kullum. Ɗantani ya ce ƙusa ce, kuma shi zai yi maganin abin a matsayinsa na maigida. Ranar hutunta ya sa Jamila ta ja motar zuwa wurin Mailafiya mai faci, shi yana biye a babur.

Mailafiya ya daɗe a sana'ar, gindin wata bishiyar darbejiya yake da injinsa mai hayaƙi da rabin duro na ruwa wanda ya yi baƙi ƙirin. Ya sa jak, ya kwance tayar, ya cika ta da iska, ya tsayar da ita cikin duron yana juyawa a hankali, ido na neman kumfa. Haka ake yi, haka kuma ya yi shekaru yana yi. Ƙusa ake nema, ƙusa kuwa a tafin taya take shiga, don haka ruwan duron iyakarsa ya rufe tafin da ɗan gefe. Bai kai bakin rim ba. Ya juya ta ta zagayo, ya sake juyawa, ruwa shiru. Ya tofa yawu a bakin bawul, wurin da ake ɗura iska, ya zuba ido. Nan ma shiru.

Ya miƙe yana goge hannu a wando. "Malam, tayar nan lafiyarta ƙalau, ko ƙaya babu. In dai tana kwanciya, to hannu ne. Tsinke kawai za a sa a bawul a danna. Ko yara, ko wani mai neman magana."

Jamila da ke zaune kan benci ta ce, "Ai kuwa yaran lungunmu za su aika. Allah ya shirya su."

Mailafiya ya faɗi maganarsa ne kawai don kare sana'arsa, ya juya ga mai kurar ruwa da ke jira, ya manta ma ya faɗa. Amma "wani mai neman magana" ta bi Ɗantani har gida, ta ci tuwo tare da shi, ta bi shi kasuwa washegari.

Daga nan fa lissafi ya fara, irin lissafin da amsarsa ke riga tambaya zuwa. Motar Malam Nazeer malamin makaranta ma a filin take kwana, me ya sa tayarta ba ta taɓa kwanciya ba? Yara ne za su zaɓi mota ɗaya, taya ɗaya, kullum? Wa ke kwana kusa da motar? Wa ke da injin iska a shirye, kamar mai jiran kira? Duk tambayar da ya jefa, a ƙofar Abdulmalik take faɗawa. Kishi ya kama shi, kishi na gaske mai hana abinci wucewa.

Akwai wata 'yar kusurwa a lungun, inda katangar wani tsohon gida ta turo ciki. Daga nan kana hango filin, ba a hango ka. Magidanci mai 'ya a firamare, mai furfura uku-huɗu a gemu, ya koma maƙewa a nan kowace safiya kamar ɓarawon kaji. Abin da yake gani bai taka kara ya karya ba: gaisuwa, gurnanin inji, godiya, mota ta tashi. Amma ya iya ƙara masa gishiri. In Jamila ta yi murmushi, ya ce ta daɗe ba ta yi masa irinsa ba. In Abdulmalik ya fito da sabuwar jallabiya, ya ce ina dalilin ado da sassafe. Ran da ya ji dariyarsu ta haɗu, saboda wata akuya da ta hau kan motar Malam Nazeer, ya koma gida ya kama hular wani da buroshi har zare ya tashi.

Ya ce to bari ya tare hanya. Ya sayo famfon ƙafa a kasuwa, ya ɓoye a soro. Washegari daga masallacin asuba bai ko shiga gida ba, ya saɓa famfo ya nufi filin, zuciyarsa fari ƙal. Yana isa ya tarar da taya tsaye tim, Abdulmalik na naɗe wayar injinsa.

"Ɗantani, har ka sayi famfo? Haba, da ka bari, meye amfanin maƙwabtaka? Na fito ne na ga ta kwanta, na ce kada Sista ta makara."

Ɗantani ya yi yaƙe. Ya juya da famfonsa a kafaɗa, cike da kunya da baƙin ciki. Da mai hankali ne, da ya lura cewa mutumin da ke sace iska don ya ga mace ba zai mayar da iskar tun kafin ta fito ba. Shi kuwa cewa ya yi a ransa: dubi iya makirci, har ya fara nuna mata ya fi mijinta kula da ita.

A gida ya zama wani iri. Jamila ta tambaye shi ko kasuwa ce, ya ce a'a. Ta taɓa goshinsa ko zazzaɓi ne, ya kawar da kai. Mahaifiyarsa Inna 'Yardada, wadda ɗakinta ke kallon nasu a tsakar gida ɗaya, ta ce masa, "Kai kuwa wa ya mutu ba a gaya mana ba?" Ya tashi ya bar mata wurin. Yana son Jamila, wannan ko maƙiyinsa ya sani. Tsoronsa shi ne wata rana ta dubi rumfar hula da tsohon babur, ta dubi gidan bene na bakin lungu, ta ce a ranta ta yi kuskuren zaɓe. Maimakon ya faɗa mata haka a ɗaki, ta yi masa dariya ta kwantar masa da hankali, sai ya zauna ya ƙulla dabara.

Wata rana bayan la'asar, Jamila ta dawo aiki ta shige kicin, ya rufe rumfa da wuri. Ya aro jak da sifana, ya kwance tayar, ya ɗora motar a kan bulo. Ya ɗaure tayar a bayan babur ya kai wa Mailafiya ya cika ta tam, har in ka buga ta a ƙasa sai ta yi tsalle. Sannan ya garo ta cikin lungu, tana karo da katanga, yana tare ta da gwiwa. Tsofaffin da ke kan dakali suka bi shi da ido.

Ɗaya ya ce, "Ɗantani, an koma ƙuruciya ne? Ina karan garawar?"

Bai kula su ba. Ya haura da ita dokin ƙofa, ya ratsa soro, ya shigo tsakar gida yana haki. Jamila na gindin murhu tana kaɗa miya, Inna na kan tabarma tana jan carbi.

Jamila ta ɗago. "Lafiya, Baban Ikram? Me taya take yi a cikin gida?"

"Kwana za ta yi."

"A ina?"

"A ɗakina. In kulle, makulli a aljihuna."

Dariya ta kuɓuce mata, irin dariyar da ya aure ta dominta. "To ko a shimfiɗa mata tabarma? Tana cin tuwo?"

Dariyar nan ita ta ƙarasa shi, don irinta ya ji a bakin lungu ranar akuya. Ya ce, "Yi dariyarki. Gobe da safe za mu gani. In ta kwana da iskarta a nan, to mun san hannun da ke taɓa ta a ƙofar gidan can. Mun kuma san don wa ake yi, da wadda take jin daɗin a yi."

Ludayin ya tsaya a hannun Jamila. Carbin Inna ma ya tsaya.

Inna ce ta fara magana. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ɗantani, me na ji ka ce? Zargi? A gidan nan, a kan yarinyar nan? Maza ka janye, ka yi istigfari. Ko ba ka san abin da zargi ke yi wa aure ba?"

Ya sani sarai. Duk wanda ya tashi a cikin birni ya ji malamai suna faɗa, ya ji tsofaffi suna faɗa, cewa faɗa da yaji da ɓacin rai duk aure na ɗauka, amma zargi ba ya ɗauka. Kuma Inna ta buɗe masa ƙofar fita, da ya ce suɓutar baki ce da an wuce wurin. Sai dai ya riga ya garo taya a gaban duk lungu, kuma ya tabbata a ransa yana da gaskiya.

Ya ce, "Inna, ni ban kama sunan kowa ba. Safiya ce za ta yi magana."

Jamila ta dube shi. A hankali ta ce, "Wadda take jin daɗin me, Baban Ikram? Maimaita in ji."

Bai maimaita ba. Ya tura tayar ɗaki, ya ja ƙofa, ya danna kwaɗo. Ita kuma ta ƙarasa miyarta, ta zuba wa Inna, ta zuba wa Ikram, ta ajiye masa nasa a rufe inda ta saba ajiyewa, ta shige ɗakinta. Ko hawaye bai gani ba, da ya gani ma da ya fi samun sauƙi.

Da ya dawo daga sallar asuba gari ya fara haske. Tayar na nan jingine inda ya bar ta, ba wanda ya shiga ɗakin sai shi. Ya garo ta tsakar gida da ƙarfin gwiwa, ya ɗaga ta ya saki don ta yi tsalle kowa ya gani. Ta faɗi tiɓ, kamar buhun dusa. Ya danna ta da babban yatsa, yatsan ya shige.

Amma kishi ba ya sakin mutum da sauƙi haka. Ya ce a ransa to bawul ɗin aka lalata, garin yawan danna tsinke. Ya jawo bahon wankin hula, ya kaɗa kumfa, ya ɗiba da buroshi ya shafa a bakin bawul. Ya tsura ido. Ko motsi. Ya shafa a tafin tayar ko'ina, shiru. Haushi ya kama shi, ya kifa tayar fuskarta ƙasa, ya ɗaga bahon gaba ɗaya ya sheƙa mata.

Ruwan ya gangara ya taru a bakin rim ta ciki, ɓangaren da ke kallon ƙarƙashin mota, inda ido ba ya kaiwa. A wuri ɗaya kumfa ta fara tasowa, ƙanana, ɗaya na tura ɗaya, ba tsayawa. Ya durƙusa. Wata tsaga ce siririya kamar gashi a jikin farin ƙarfen. Rim na baƙin ƙarfe in ya daki abu lanƙwasa yake yi kowa ya gani, shi kuwa aloi tsagewa yake yi a ɓoye, ramukan titi su yi ta buɗa tsagar. A gefenta akwai busasshen baƙin taɓo da ya manne. Ya kankare shi da farce, ya duba. Ya juya tayar, ga 'yar gogar da ya wanke da ruwan leda, daidai saitin wurin. Kwatar Kabara ta dawo masa gaba ɗaya, har da ƙarar ƙwam ɗin.

"Nan ne inda ka goge da tsumma, ko?"

Jamila ce tsaye a kansa cikin kayan aiki, da jaka wadda ta fi ta kullum girma. Ya ɗago ya dube ta.

Ta ce, "Ranar sunan gidan Yaya Hadiza. Na dawo na tarar an ja kujera baya, madubi na kallon sama, ga goga a rim. Ka manta matar kawuna a Kabara take? Ta taga ta hango ana ɗaga motar kana ta sharɓar gumi. Tun ban baro Dukawuya ba labari ya same ni."

"Maman Ikram..."

"Na yi shiru. Na ce mijina ne, ya yi sha'awa, meye a ciki? Na san abin da kake faɗa a majalisa, ban so ka ji kunya ba. Wallahi ban kawo cewa shi ne ciwon tayar ba, da na gaya maka a ɗaki mu biyu. Abin da ka aikata da gaske na rufe maka. Kai kuma abin da ban aikata ba ka faɗa a tsakar gida, a gaban Inna."

Ya ce, "Sharrin shaiɗan ne. Ki yi haƙuri, don Allah."

"Shaiɗan bai garo taya tun daga bakin titi ba, Baban Ikram."

Ta ciro makullin motar daga jaka, ta ɗora a kan jiƙaƙƙiyar tayar. Ta leƙa ɗakin Inna ta durƙusa ta gaishe ta, ta ce daga asibiti Dukawuya za ta wuce, Ikram ta same ta can in an tashi makaranta. Inna ba ta hana ta ba. Cewa kawai ta yi, "Allah ya huci zuciyarki, 'yar nan."

Ɗantani ya bi bayanta ba takalmi, har kusurwar da ya saba maƙewa, a nan ƙafarsa ta tsaya. Abdulmalik na tsaye gaban motar da ke kan bulo, da ɗan injinsa a hannu, bai san komai ba.

Ya ce da fara'arsa, "Sista, ina kwana? An ce maigida ya kai tayar gida jinya. Ya mai jiki?"

Jamila, wadda ba ta taɓa wuce ko yaro a lungun nan ba ta gaishe shi ba, ta ja hijabinta ta rufe rabin fuska, ta sunkuyar da kai, ta wuce shi kamar ba ta ji ba. Abdulmalik ya tsaya baki buɗe, ya dubi bayanta, ya dubi injinsa. Abin da Ɗantani ya daɗe yana fatan gani daga kusurwar nan ke nan. Ya gani, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Inna da kanta ta je biko, da ita da wani baffansa. Jamila ta dawo, saboda girman Inna da kuma Ikram. Tana dafa abinci, tana gaishe shi da safe, tana amsa masa in ya yi magana. An kai rim wurin masu waldar aloi sun like tsagar, Mailafiya ya mayar da taya, tun daga ranar ba ta sake kwanciya ba.

Makullin kuwa yana kan firij inda Ɗantani ya mayar da shi, ba ta ƙara taɓawa ba. Kowace safiya in ta fito daga soro sai ta juya hagu maimakon dama, ta bi ɗaya bakin lungun, doguwar hanya mai kwatoci da kwana-kwana, ta ɓulla can wani titi ta tsaya jiran adaidaita. Ya roƙe ta ta koma wa motarta, ya rantse, ya sake roƙo.

Ta ce, ba da faɗa ba, "Motar a ƙofar gidan mutane take kwana. In na je sai na gaisa, in na gaisa ban san me za ka gani ba."

Shi ke zuwa yanzu ya share ƙurar gilashi, ya tayar da injin ya ɗumama don kada batir ya mutu. Kafin ya tafi yakan tsuguna ya danna tayar baya ta dama da babban yatsa, ya ji ta tauri kamar dutse. Wata safiya Abdulmalik ya fito ya same shi a tsugune, ya tambaye shi a hankali.

"Ɗantani, don Allah ko na yi wa Sista wani laifi ne ban sani ba?"

Ɗantani ya ce, "Ba ka yi mata komai ba, Alhaji."

Ya miƙe ya dubi cikin lungun. Can nesa ya hango farin hijabinta ya fito daga soronsu, ya juya hagu.